Kwaɗon da Aka Saka wa Gogen Kawu Clovis

Uwargida Odile Castille, shugabar wannan taro, kuma shugabar Ƙungiyar Ƙananan Kamfanonin Faifai ta Kudancin Louisiana. Fada Gerard, wanda ya ara mana zauren cocinsa, ya kuma ja mana kunne kada mu bar masa tokar sigari a ƙasa. Wakilin magajin garin Abbeville. Masu kamfanoni manya da ƙanana, ko da yake a cikinmu babban ma ƙarami ne. Makaɗa da mawaƙa. 'Yan gidajen rediyo. Iyayenmu mata da suka tashi tun asuba suka ɗora mana tukunyar miyar gumbo. Jama'a maza da mata: barkanmu da yamma, barkanmu da ganin wannan sabuwar shekara ta 2009.

Ina godiya ga shugaba da ta ba ni wannan dama, ina godiya ga kwamitin da ya ɗora mini karanta sakamakon aikinsa, ina kuma godiya gare ku da kuka baro gonakin shinkafa da shaguna kuka zo. Ga wanda bai san ni ba, sunana Preston Dugas, ni ne sakataren ƙungiya. Ba na kiɗa, ba na waƙa, matata ma ta ce ba na rawa. Aikina in faɗi abu yadda yake, in koma in zauna.

Magana ta farko ita ce abin da ya tara mu. Kun ji a rediyo cewa manyan kantunan intanet masu sayar da waƙa sun fara cire kwaɗon da suke saka wa waƙoƙi, sun kuma aiko suna tambayarmu ko mu ma mun yarda a cire daga namu. Don kada wani ya jefa ƙuri'a a kan abin da bai gane ba, ga yadda kwaɗon yake. Ka sayi waƙa, ta sauko cikin kwamfutarka, amma ba za ta buɗe baki ba sai kwamfutar ta karɓi mabuɗi daga wurin kanti. Mabuɗin nan na wannan kwamfuta ne ita kaɗai. In ka sauya ta, ko ka sauya mata kayan ciki, sai ta koma ta roƙi sabo. Waƙa tana gidanka, mabuɗi yana gidan wani.

Magana ta biyu, hujjar waɗanda suke so a bar kwaɗon, kuma ba zan raina ta ba. Mu muka nemi kwaɗon nan da bakinmu. Mun ga faifan da muka yi shekara muna wahala a kansa yana yawo kyauta tun kafin ya isa kanti. Mun ga makaɗan da suka tsufa a kan dandamali suna komawa aikin rijiyar mai. Mun bi makarantu da gidajen rediyo muna roƙon matasa su daina kwafa, muna gaya musu sata ce, kuma har yau ban janye kalmar ba. Norris Babin, mai goge kuma mai situdiyon ɗaukar kiɗa, ga shi can a layin gaba ya harɗe hannu, shi ya fi kowa tsayawa a kan haka. A taron bara ya ce mini, "Preston, kai da ba ka taɓa tsinka tsirkiya ba, me ka sani? Ka cire ƙofar gidanka tukuna, sannan ka zo mu yi maganar cire kwaɗo." Na ce masa ƙofar gidana ni ke riƙe da mabuɗinta. Ya ce in tafi can da iya-yina. A haka muka rabu.

Magana ta uku ita ce mai tsawo, kuma da izinin Norris da na Tanti Verna Prejean zan yi ta, don dukansu suna nan zaune.

Yawancinku kun yi rawa da gogen marigayi Kawu Clovis Prejean, mijin Tanti Verna. Kun san halinsa. Al'adarmu a nan ita ce mai goge ya koyi kiɗa da kunne da ido: ya tsaya gefen dandamali ranar Asabar, ya zuba wa yatsun babba ido, ya koma gida ya gwada. Kawu Clovis kuwa juya wa jama'a baya yake yi idan ya zo wurin juyi, wato ɓangare na biyu na kiɗa, inda gwani ke nuna gwanintarsa. Idan ya hango wani mai goge ya matso, sai ya ce, "Kai, ɗan nan, rawa ka zo ko leƙe? In rawa ce ga fili can." Yana da dalilinsa. Yana saurayi wani baƙo ya zo da na'ura ya ɗauki kiɗansa a barandar gidansu, ya ci abincinsu, ya tafi, daga baya kiɗan ya fito a faifai da sunan wani. Tun daga ranar ya rantse babu na'urar da za ta sake jin gogensa.

Sai da tsufa ya kama shi sosai Norris ya shawo kansa, kuma da kwaɗon nan ya shawo shi. Ya ce masa yanzu an yi wata dabara, waƙa ba ta kwafuwa. Kawu Clovis ya ce, "Ko kaɗan?" Norris ya ce ko kaɗan. Ya ce, "To, ban yarda a buga faifai ba, ko guda. A kanti kawai, a kulle. Kuma ka zaɓo mini kwaɗon da ya fi kowanne tauri, wanda ko mai saye ba zai iya juye ta a faifai ba." Norris ya ce hakan zai kori masu saye. Ya ce, "Su koru." Haka aka yi, kuma sun koru ɗin, don waɗanda suka saya ba su da yawa. A cikin abin da aka ɗauka akwai wani kiɗan rawa mai taushi da ya tsara wa matarsa tun suna neman aure. Bai taɓa kaɗa shi a gidan rawa ba, sai a kicin ɗinsu. Kiɗan Verna yake ce masa.

Abin da ya biyo baya kun san shi guntu-guntu, ni zan jera muku ne kawai. Babbar guguwar nan ta 2005 ta turo teku har cikin situdiyon Norris, ta cinye na'urori da duk asalin abin da aka ɗauka, na Kawu Clovis da na wasu. Norris ya ce da sauƙi, ai kanti yana da nasa. Shekara ta zagayo Kawu Clovis ya rasu. Bara kuma kantin, wanda ba zan kama sunansa ba, ya karye. Ya sanar cewa zai kashe na'urar da ke raba mabuɗi, ya shawarci masu saye su juye waƙoƙinsu a faifai kafin ranar. Shawara ce mai kyau ga kowa, ban da mai waƙoƙin Kawu Clovis. Norris ya nemi kantin ya dawo masa da abin da ya ba su. Kafin a amsa masa an rufe ofis, an yi gwanjon kayan, babu mai ɗaukar waya.

Saura kwamfuta guda da muka san tana da mabuɗi, ita ce wadda ke kan teburin kicin ɗin Tanti Verna. Kullum da safe takan haɗa kofi, ta kunna, ta zauna.

Norris ba wawa ba ne, ya ga inda abin ya dosa. Ya ɗauki makirufo da na'urar ɗaukar sauti ya tafi gidanta, ni na raka shi. Niyyarsa ya ajiye makirufo a gaban lasifika, ta kunna, ya ɗauka. Ta dube shi, ta dubi kayan, ta ce, "Norris, wannan fa?" Ya yi mata bayani. Ta ce, "Wato kwafa." Ya ce, "Tanti, ajiya ce, ba kwafa ba." Ta ce, "Ashe ba kai ne kake shiga rediyo kana cewa kwafa sata ce ba? Ko wani Norris ɗin ne daban?" Ya ce wannan dabam, wancan dabam. Ta ce, "Ɗana, mutumin nan yana kwance a ɗakin can ya riƙe hannuna ya ce kada in bari kowa ya ɗauka. Na ce to. Ban ce to sai dai in Norris ne ba. Mayar da kayanka mota, ka zo ka ci shinkafa." Mun ci shinkafar, mun dawo da kayanmu.

Guguwar bara ta zo, aka ce kowa ya fita daga gari. Surukinta Dale ne ya ja motar. Ya gaya mini ta bar hotunan bikinta, ta bar keken ɗinkinta, ta naɗe kwamfutar nan da bargo ta rungume ta a cinya tun daga nan har garin Alexandria da ke tsakiyar Louisiana, ko sauka cin abinci ba ta yi ba. Da suka dawo aka jona ta, ta ƙi tashi. Ko girgizar hanya ce, ko laima, ko tsufa, Allah masani. Dale ya yi abin da duk suruki nagari zai yi: ya kai ta wurin gyara, aka sauya mata abin da ya lalace a ciki, ba a taɓa waƙa ko ɗaya ba. Babu wanda ya yi laifi a nan, ina so a ji wannan da kyau. Tanti ta haɗa kofi, ta kunna. Sunayen waƙoƙin duk suka fito a jere. Ta danna Kiɗan Verna, kwamfuta ta ce a dakata, tana neman mabuɗi. Har yau nema take.

Mun kai ta wurin masana, sun yi iyakar yinsu sun dawo mana da ita. Mun bi waɗanda suka saya, kowa ya riga ya sauya kwamfuta. Sai Norris ya ɗauki gogensa ya koma kicin ɗin, saboda ya riga ya ji kiɗan sau da yawa lokacin da yake tace shi a situdiyo. Ya kaɗa ɓangaren farko daidai, har ta rufe ido. Da ya zo juyi sai ya tsaya. Ya gwada ta nan, ta ce a'a. Ya gwada ta can, ta ce ba haka ba ne. Ya ce, "To Tanti, rera mini, ni zan bi ki." Ta gwada rerawa har sau biyu, kiɗan ya ƙi zuwa mata. Sai ta ce, "Ka ga abin kunya, Norris. Tun ina yarinya nake jin sa, ban taɓa riƙewa ba. Da can shi ke riƙe mini, da ya tafi na bar wa wannan akwatin." Na daɗe ina rubuta bayanin taro ba tare da na sa raina a ciki ba, amma wannan maganar ta dame ni, kuma ba ta daina ba.

Magana ta huɗu, shawarar kwamiti. Kwamiti ya ba da shawarar a amsa wa kantuna cewa mun yarda a cire kwaɗo daga waƙoƙinmu duka, sai wanda mai shi ya rubuto ya ce a bar masa nasa. Ba mu ce sata za ta ragu ba. Wataƙila ta ƙaru. Ba mu ce ciniki zai haɓaka ba. Ba mu sani ba. Abin da muka ce shi ne, muna zaune a ƙasar da ruwa ke shigo mana gida ba sallama, kuma a irin wannan ƙasa, abin da yake wuri guda bai tsira ba. Kada kuma kowa ya ɗaga hannu yana zaton ƙuri'arsa za ta buɗe kwamfutar Tanti Verna. Ba za ta buɗe ba. Ƙuri'ar ta waƙoƙin da suka rage ce. Norris ya ce in gaya muku har yanzu yana ganin kwafa sata ce, kuma shi zai fara ɗaga hannu.

Magana ta biyar, ta ƙarshe, sanarwa ce, kuma ba ta kwamiti ba ce. Tanti Verna ce ta ba ni, ta ce ta je kabarin mijinta ta gaya masa, in ya so ya yi fushi, sa shirya idan ta iske shi. Ga saƙon: duk wanda ya saci kiɗan Clovis Prejean, ko ya fasa kwaɗon, ko ya ajiye makirufo gaban lasifika, ko ya ɓoye na'ura a aljihu a bakin tagar kicin, ta yafe masa duniya da lahira, ya kawo. Ba ta son sanin sunansa. Ya ajiye a barandarta ya tafi.

Wannan sanarwa mun yi ta a rediyo tun kafin Kirsimeti, a gidajen da muka saba shiga muna tsine wa masu kwafa. Fada Gerard ya yi ta a coci. Kullum da safe Tanti takan leƙa baranda kafin ta ɗora kofi. Jama'a, shekara da shekaru muna roƙon mutanen nan kada su sata, muna ƙorafin ba sa jin magana. A kan wannan kiɗa guda ɗaya, ga dukkan alamu, sun ji. Kwaɗon ya yi aikin da aka saka shi ya yi, babu ko ɓarawo ɗaya da ya shiga.

Allah ya ji ƙan Kawu Clovis da sauran makaɗanmu da suka riga mu. Allah ya ba Tanti Verna lafiya da tsawon rai. Allah ya kawar mana da guguwa a wannan shekara, ya sa albarka a gonakinmu da sana'armu, ya nuna mana daidai a ƙuri'ar da za mu jefa, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Ina kuma roƙon abin da ban taɓa zaton sakataren wannan ƙungiya zai roƙa ba: Allah ya sa a cikinmu akwai ɓarawo, Allah ya sa yana ji na.

Na gode.