Mangwaron da Ƙanƙara Ta Kakkarya

A tashar Rogo, wani magidanci ya tsuguna gaban kwandon wata mai sayar da mangwaro, Laure, yana jujjuya ɗaya a hannu.

"Inna, irin bishiyar mangwaron nan gare ni a Gwangwan. Ƙanƙarar shekaranjiya ta kakkarya ta. Gobe zan sare ta in yi itacen girki."

"Kul, ɗan nan! Tamu ma haka ƙanƙara ta yi mata. Maigidana ya hau da adda, ya datse duk reshen da ya karye. Na yi ta masifa, na ce ya aske mana bishiya kamar kan jariri ranar suna."

"Me ya ce?"

"Dariya kawai ya yi. Ran da aka zo mini da labarin ya rasu a hanyar Karaye, ko tofo ba ta fara ba. Yanzu ita ke ciyar da marayunsa, alhamdu lillahi."

"Allah ya jiƙansa. To, daga ina zan datse?"

"Ƙasa da karayar kaɗan, inda yake ɗanye. Ka riƙa ba ta ruwa. Ni kullum a gindinta nake alwala. Ruwan nata, addu'ar tasa."