Gyaran Shafi Ɗaya

A wani shagon buga takardu a Ƙofar 'Yandaka na ji su, wata Hajiya da mutumin da ke gabanta a layi.

"Malam, duk wannan tulin za a buga maka? Ni fa sauri nake."

"Shafi ɗaya ne, Hajiya. Kundin digirina na biyu ne, fannin kasuwanci. Asabar da Lahadi muke karatun, saboda aiki."

"Iyali dai sun sha haƙuri."

"Innata ta fi kowa. Da can duk Asabar ina Batagarawa wurinta. Ta ce in bari sai na gama, tana nan."

"To ai ka gama. Mi za a gyara?"

"Shafin sadaukarwa. Za a ƙara 'marigayiya' kafin sunanta."