Galan ɗin da Malam Buba ya kawo nono a ciki

Assalamu alaikum, mai gabatar da shiri, tare da masu sauraro baki ɗaya. Daga Dogo Tebo nake rubuto muku, a nan Potiskum.

Na ƙare ƙarfina a ɗakin gwaje-gwaje, ina auna gubar da ke shiga ruwan sha da abinci, har na yi ritaya. Makon jiya aminina Malam Buba, makiyayi ne da ya zauna a gari, ya kawo wa jikokina nono kamar yadda ya saba. Da na dubi galan ɗin, sai na ga na maganin feshin gona ne.

Na ce, "Malam Buba, guba aka sayar a cikin wannan galan."

Ya yi dariya ya ce, "Haba Dakta, boko ya sa maka tsoro. Magani fa ake kiransa! Kuma sau uku uwargida ta wanke shi da sabulu."

Na bayyana masa cewa roba tana shan gubar, wanki ba ya fitar da ita. Ya saurare ni cikin ladabi, ya ce a gai da yara, ya tafi. Na zubar da nonon a rami. Nasa jikokin kuwa daga irin wannan galan suke sha kullum.

Gaskiya na gaji. Sunan magani da muka ba wa gubar nan ya fi ƙarfin duk karatun da na yi.

'Yan'uwa makiyayi, ku ba ni shawara. Yaya zan yi masa magana ya ji, ba tare da ya ɗauka ƙyamar nononsa nake yi ba? Jibi zai sake kawo wani.

Wassalam.