Ba Zan Cire Kwat Ba

Salamu alaikum mai gabatar da shiri, ina gaisuwa.

Tun shekarar da aka rufe kamfanin kuza nake da wata ƙatuwar kwat, lokacin Jos na da sanyin gaske. Da matasan Nasarawa Gwom suka kira taro kan masu sare mana bishiyoyi, sai na saka ta don su ga yadda garin ya canza. Nan take gumi ya wanke ni. Maƙwabciyata ta ce, "Baba, cire kafin ka dahu!" Na rantse ba zan cire ba sai an daina sara, har yau tana jikina.

Mangwaro ɗaya ya rage a layinmu, kuma ogan masu injin sare bishiya ya shafa masa fenti, alamar shi ma za a sare shi. Gobe da safe zan shimfiɗa tabarma a gindinsa, in zai sare ya fara da ni. Mai zuwa taya ni zama ya taho da mafici.