Yayana Ya Zubar da Nonon Baba

Assalamu alaikum malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ce Hadiza, daga wani ƙauye kusa da Azarori.

Mahaifinmu ya tsufa, kuma tun damina ciki ke wahal da shi. Da munka kai shi likita, majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya ba da magani, ya ce a riƙa ba shi nono mai tsami da koko, don suna gyara hanji. Wallahi mun ga sauƙi. Zawo ya tsaya, har Baba ya koma zuwa masallaci da ƙafarshi.

Sai shanun makiyaya sunka shiga gonar waken yayana Idi. Ya rantse nonon makiyaya ba ya ƙara shiga gidanmu. Ran kasuwa mai kawo muna nono ta zo. Ƙwarya na hannun Baba, ya kai baki ke nan, Idi ya fizge ta ya juye ma kare. Ya kori matar da sanda, tana goye da jariri.

Baba ya ce, "Idi, ni na ci wakenka?"

Ya ce, "In yunwa ta kama ka, ka ci tuwo kamar kowa."

Malam, tuwo ba ya zama cikin Baba. Ya sake kwanciya, kullum yana tambayata ko mai nono ta zo. Ita kuwa tsoro ya hana ta biyowa ta ƙofarmu.

Masu sauraro, ku ba ni shawara. Idi shi ke ciyar da gida, ni ko bazawara ce. Wa zan kai ma ƙara kafin tsohon nan ya ƙare?