Shofaji Ya Mutu, Alhaji Ya Kashe Waya

Malam mai gabatarwa, barka da aiki, ina gaida duk masu saurare. Ni ce Maman Sadiya daga Saint-Denis.

Gidan da muke ciki na gwamnati ne, da sunan wani Alhaji ɗan garinmu. Ya ba mu haya a ɓoye, ya ce duk wanda ya tambaya mu ce mu ƴaƴansa ne. Maigidana ya ji nauyin neman takardar haya wurin dattijo.

Ana tsakiyar sanyi shofaji, wato na'urar ɗumama gida, ya mutu, bututu ya fashe, ruwa ya jiƙe bangon da ƴata ke kwana a jikinsa. Alhaji ya tafi Maraɗi, wayarsa a kashe. In muka kai kuka ofishin gidajen, asirinmu ya tonu, waje za a yi da mu. Mai gyara kuma ya ce ba ya taɓa komai sai da izinin ofishin.

Na kira matarsa Hajiya a Lyon, na ce yarinya na tari har numfashinta na sarƙewa. Ta ce, "Ke da kika tashi kan tabarma, yau shofaji kike wa kuka? Ƙara mata zane."

Yanzu Sadiya na asibiti, da roba a hanci.

Masana dokar ƙasar nan, ina zan dosa? Akwai ƙungiyar ƴan haya da ke sauraron wanda ba shi da takardar haya?

Hajiya, na san ba ya wuce ki, shirin nan. Na ƙara mata zanen kamar yadda kika ce. Likita ne ya cire shi.