Sunan da Bai Shiga Faifai Ba

Kasuwar Bodinga, bakin rumfar mai garmaho. Wani tsoho ya tsaya kusa da wani mai albasa, suna sauraren waƙa.

"Makaɗin ga ya lalace, Baba," in ji mai albasa. "Da can gangar noma shika yi a Mandera, shina bin manoma har ƙarshen kunya. Yanzu ji, ko rabi ba a kai ba waƙa ta ƙare."

"Faifan Bature gajere na, ɗana. Dole anka rage sunaye."

"Sai na ubana za a rage? Sodangi, da ba a taɓa wuce shi ba ranar gayya?"

Tsohon ya juyo ya dube shi.

"Na kira shi, ɗana. Sau biyu ina kiran Sodangi, Baturen na ɗaga hannu shina cewa in sake."